Ranar da burtu ya yi atishawa a Dadin Kowa

Ƙanin matata ne ya jefa ni cikin wannan harka. Ya dawo Gombe daga Jos da tabaron hangen nesa rataye a wuya, yana ta zuba mana labari wai yanzu ƙidayar tsuntsaye ake yi a Nijeriya, kuma kowa na iya shiga. Na ce mu mutane ma rabon da a ƙidaya mu tun 2006, sai tsuntsu?

Ya ce ba ƙidayar kai ɗaya-ɗaya ba ce, taswira ake haɗawa ta inda kowane irin tsuntsu yake. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ce ke jan ragamar aikin tun 2015. An yanka ƙasar nan gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kusan kilomita 9 a tsaye, 9 a kwance. Sai ka zaɓi ɗaya, ka yi aƙalla awa biyu kana yawo a cikinta, duk tsuntsun da ka gani ko ka ji kukansa ka danna sunansa a manhajar BirdLasser, ita kuma ta haɗa da wurin da kake tsaye. In shekaru suka tura, masana su duba su gane wanda ke ƙaruwa da wanda ke ɓacewa.

Na ce, "Nawa ake biya?"

Ya ce, "Haba Yaya, aikin sa-kai ne."

Uwargida tana daga madafa ta leƙo ta ce, "Malam, kai da ba ka iya bambance kazarmu da ta maƙwabta?"

Da na share maganar, amma yaron ya tambaye ni yaushe rabona da ganin angulu a mahauta. Na yi shiru. Muna yara haka za ka gan su jere a kan rufin kwano kamar masu jiran rabon gado. Yanzu 'ya'yana a karin magana kaɗai suka san ta. Wannan ya taɓa ni, na ce a sa sunana.

Wata Asabar cikin Janairu muka kama hanyar Biu mu huɗu, muka sauka kusa da madatsar ruwan Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola. Hunturu na kaɗawa, hazo ya rufe ko'ina. Jagoranmu ya ce lokacin ne tsuntsayen Turai ke gudo wa sanyin ƙasarsu su zo nan. Na ce lalle ba su ji labarin namu sanyin ba.

Da farko abin ya tafi daidai: hankaka, shirwa, kurciya, belbela. Sai na hango wani dogo a bakin ruwa na ce, "Shamuwa!" Jagora ya ce cikin ladabi, "Malam, zalɓe ne. Shamuwa sai damina ta kawo kai." Ai na sani, ko yaron goye ya sani, zumuɗi ne ya kwashe ni. Can kuma na tsaya ina kallon wata belbela a kan ƙaya har kusan minti biyar, ina yaba natsuwarta, iska ta taso ta yi gaba da ita. Ashe farar leda ce. Ƙanin matata ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Zuciya ta ɗebe ni. Na karɓi tabaron na ce zan zagaya ta bayan gonaki ni kaɗai. A raina na ce yau sai na kawo abin da zai rufe bakin kowa.

Ban yi nisa ba kuwa na gan shi. Cikin busasshiyar ciyawa, wani baƙin kai mai dogon baki da tozo a samansa, yana tafiya a hankali, yana sunkuyawa yana ɗagowa kamar mai tsintar fara. Burtu! Tun a mota jagora ya gaya mana cewa burtu ya yi ƙaranci ƙwarai, har an sa shi cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu, galibi sai a daji irin Yankari ake katarin ganinsa. Ga shi Allah ya kawo mini har gabana. Hannuna na rawa na danna sunansa a waya, na kuma tura saƙon murya a gurup ɗinmu na WhatsApp cikin raɗa: "Jama'a, burtu! Ku zo, amma a hankali."

Sai na ce bari in ɗauki hoto, kada a ce leda ce. Na kwanta rub da ciki, ni malamin makaranta mai 'ya'ya biyar, na shiga jan ciki a cikin ƙarangiya. Ina matsawa, burtu na matsawa. Har ya rage bai fi taku goma ba.

Sai burtu ya yi atishawa. Ya kuma ce, "Alhamdulillahi."

Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce da ƙarfi, "Yarhamukallah!"

Wani garken zabin daji da ban ma lura da su ba suka tashi firr. Burtu ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu, da wando mai faci da bindigar toka. Wani dattijon maharbi ne, ya ɗaura kan burtu a goshi irin yadda maharba ke yi tun kaka da kakanni, don naman daji ya ɗauka tsuntsu ne ke kiwo.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan nan, tun asuba nake bin zabin nan da rarrafe. Kai kuma daga ina?"

Na ce, "Baba, a yi haƙuri. Tsuntsaye muke rubutawa."

"To ni ka rubuta ni?"

Na ce na rubuta.

Ya yi dariya har sai da bakin burtun ya karkace ya rufe masa ido ɗaya. Ya ce a wurin mahaifinsa ya gaji kan, itace ne aka sassaƙa aka lulluɓe da fata, kuma shi kansa ya manta rabon da ya ga burtu mai rai a wannan yanki. Sai ya ce in yi shiru. Ya karkata kunne, ya dinga kira mini sunaye daga kuka kawai: wancan fakara, wancan cilakowa, wancan hasbiya, na bakin ruwa kuma zakaran ƙeƙuwa. Cikin minti goma tsohon ya ba ni abin da ban samu ba a awa biyu da tabarona.

Muna cikin haka sai ga 'yan tawagarmu sun iso suna haki, jagora da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan ya bari a taɓo. Ya ce, "Malam, ina burtun?" Tsoho ya ɗaga hannu ya ce, "Ga ni."

A gaban kowa na goge shi daga manhaja. Na ba Baba kuɗin goro a madadin zabonsa, ya ce zabi biyu ya yi niyya, na ƙara. Kafin mu iso Gombe an sauya mini suna a gurup zuwa Malam Burtu, kuma ƙanin matata ya riga ni kai labari gida. Uwargida ta kwana tana cire ƙarangiya daga wandona tana cewa, "Yarhamukallah."

Jagora ya karɓi lambar tsohon, yanzu yakan raka mu in mun je can. Ranar da kuma zai fita nasa aikin, tun daren Juma'a yake kirana ya ce, "Ɗan nan, gobe ina gabas da ruwa. Kada ka sake rubuta ni."