Faretin Beijing: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

Tun da aka yi faretin ranar 3 ga Satumban 2025 a dandalin Tiananmen, inda Xi Jinping ya tsaya tsakanin Putin da Kim Jong Un ana bikin cika shekara 80 da kayar da Japan, wasu masu sharhi suka haddace karatun Beijing suna biya mana: wai jam'iyyar Kwaminis ce ginshiƙin yaƙin da ya kori Japan daga ƙasar Sin. Makamai masu linzami sun ɗauke musu hankali, ba wanda ya tambayi jinin wa aka zubar.

To, a buɗe littafi. Ranar 2 ga Satumban 1945, a kan jirgin ruwan yaƙi na Missouri, Janar Xu Yongchang ne ya sa hannu a madadin Sin, kuma hafsan Chiang Kai-shek ne, shugaban 'yan kishin ƙasa na Kuomintang. Bayan mako guda a Nanjing, wani hafsan nasa, He Yingqin, ya karɓi takardar miƙa wuya. Haka ya kamata, domin su suka tari gaba. A 1937 sun yi wata uku suna gwabzawa a Shanghai, inda zaratan rundunonin da Jamusawa suka horar wa Chiang suka ƙare. Sai Wuhan, sai Changsha, sai farmakin Ichigo da Japan ta kai a 1944 da ya karya abin da ya rage. Chongqing, inda gwamnati ta koma, shekara da shekaru tana shan ruwan bama-bamai.

Mao Zedong, jagoran Kwaminis, fa? Yana garin Yan'an. Mutanensa sun yi yaƙin sari-ka-noƙe, sun kai babban farmaki a 1940, ba wanda ke musu. Amma jam'iyyar da ke da mambobi kusan 40,000 a 1937 ta wayi gari a 1945 da fiye da miliyan guda. Ɗaya ya fito daga yaƙin a gurguje, ɗaya ya fito da ƙiba. Daga nan Tarayyar Sobiyet ta shiga Manchuria, makaman da Japan ta bari suka faɗa hannun dakarun Lin Biao, kwamandan Kwaminis. Wanda bai san wannan ba, ba zai taɓa gane yadda yaƙin basasan 1946 zuwa 1949 ya kaya ba.

Masu cewa Amurka ce ta yi watsi da Chiang shi ya sa ya faɗi, su ma su huta. Gwamnatinsa ta ruɓe. Da igiya ake ɗaure samarin ƙauye a kai su soja. A Agustan 1948 aka fito da sabuwar takardar kuɗi, aka tilasta wa mutane miƙa zinarensu, cikin 'yan watanni takardar ta zama shara. Kuma shi ne a 1938 ya sa aka fasa madatsar Rawayen Kogi don tare Japan, ruwan ya ci talakawansa dubban ɗaruruwa. Sai dai wanda ya ambaci wannan, ya ambaci Changchun a 1948, inda Kwaminis suka yi wa gari ƙawanya har yunwa ta kashe fararen hula sama da 100,000. Wannan kam ba a yi masa fareti.

Mao ya ci yaƙin basasa, Chiang ya tsere Taiwan a Disamban 1949. Cin wancan yaƙin bai ba kowa lasisin mallake wanda aka yi da Japan kafinsa ba. Hu Jintao, shugaban Sin na lokacin, da kansa a 2005 ya amsa cewa sojojin Kuomintang ne suka riƙe fagen daga na gaba-da-gaba. Masu sharhinmu sun fi shugaban Kwaminis kishin Kwaminis ke nan?

Editocin da ke kwaso labari ɗanye daga Beijing su riƙa ƙara layi guda: gwamnatin da Japan ta miƙa wa wuya a Nanjing ba ita ce ke mulki a Beijing yau ba.