Alhaji a Taron PTA

Malamar Bayoloji ba ta gama cewa za a fara koya wa 'yan SS 2 darasin balaga ba Alhaji ya miƙe, babbar riga na sharar benci.

"Darasin me? Malama ki ji tsoron Allah! Ni 'ya'yana ba su san komai ba, babban ma har yau ɗauka yake a asibitin Murtala ake sayo jarirai."

"Alhaji, yaron da ke da gemu?"

"Gemun gado ne. Kuma ba ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, da kansa ya ce a cire abin nan daga manhaja a 2022 ba?"

"Wane abin?"

"Abin nan dai. Kin gane ai."

Minti ashirin Alhaji na yaƙi da "abin nan" bai iya kiran sunansa ba sau ɗaya, mu kuma ga zafi ga fanka ba wuta, ga kuɗin PTA an karɓe tun a bakin get.

Liman ya yi gyaran murya. "Alhaji, ai haila da janaba suna cikin Ahalari, a Islamiyya ma muna karantar da su."

"Wannan da Larabci ne Malam, ba ya lalata yaro."

Malama ta ce to yaran nan fa kowa da waya a hannu, abin da iyaye ke jin nauyin faɗa TikTok na faɗa musu da ƙarfe biyun dare, gara su ji daga bakin wanda ya sani, har da ciwon sanyi da ƙanjamau da amfanin tazarar haihuwa in sun yi aure.

"Tazara? Ni za a koya wa tazara? Tsakanin ɗakin uwargida da na amarya taku ashirin ne, da kaina na auna!"

"'Ya'ya nawa gare ka Alhaji?"

"Ba a ƙirga kyautar Allah."

Hedimasta dai ya gaji, ya jawo rajista. "Wane aji yaron naka yake?"

"Sani ne. Ko Sabi'u. Mai kunnuwan nan dai."

Aka duba aka sake dubawa, babu. Maigadi ya leƙo ta taga.

"Ranka ya daɗe, naka ai makarantar bayan gidan mai yake."

Alhaji ya gyara hula ya koma ya zauna. "Duk da haka ban yarda ba. A rubuta."