Kada a goge saƙon saboda kunya

A nan Faransa inda nake zaune, wadda wani ya addaba da kira da saƙonnin batsa tana da shekara 6 ta kai ƙara. Da shekara 3 ce, sai dokar 27 ga Fabrairu 2017 ta ninka wa'adin. A Nijar, tsarin da muka gada daga Faransar ya ba irin wannan laifi shekara 3. Ina jin ƴan uwanmu na nan suna cewa mu ma a ƙara mana. Ban ƙi ba, amma a ganina matsalar Maraɗi ba a nan take ba.

Shekara 3 ta isa ga wanda ya riƙe hujja. Mu kuwa hujjar muke fara kashewa. Yarinya ta nuna wa yayarta abin da wani yake turo mata ta WhatsApp, abin da za ta fara ji shi ne: "Ke, goge wannan ƙazanta kar Baba ya gani." A canza mata layi, salular ma a sayar. Daga nan a je wajen mai unguwa, a kira dattawa, mutumin ya rantse ya daina, a ce ta yi haƙuri. Bayan damina ya dawo. Ran da aka gaji aka nufi komisariya, ba abin da ya rage sai maganarta da tasa, shi kuma da ma ya fi ta baki a gari.

Kotunan Faransa a shari'ar laifi suna karɓar kowace irin hujja, alƙali ya auna nauyinta. Har muryar da mutum ya naɗa a ɓoye ana saurara, muddin shi ya naɗa ba hukuma ba. Lauyoyi sukan ce a kai wayar wajen jami'in shari'a mai rantsuwa ya rubuta abin da ya gani, da lamba da rana da lokaci, a kuma nemi takardar likita in abin ya taɓa lafiya. Hoton saƙo kaɗai, wanda ya turo saƙon na iya cewa haɗa shi aka yi.

Hukuncin ma akwai tazara. Matsa wa mutum da neman lalata, gyaran dokar Nijar na 2003 ya sa masa wata 3 zuwa 6 a gidan kaso da tarar jikka 10 zuwa 100. A Faransa ɗaurin na iya kaiwa shekara 2, har 3 in laifin ya yi nauyi.

Sulhu kam ba na raina shi, ya sha raba rigimar da kotu za ta shekara tana ja. Sai dai zaman dattawa ba ya tsayar da wa'adin doka, kwanakin na tafiya ana shan shayi. Don haka a yi sulhun, amma wayar ta zauna a akwatin Inna da saƙonninta da layinta, a kuma rubuta ranar da ya turo na ƙarshe, domin ranar za a duba in ana lissafin ko lokaci ya wuce.