Kun tsallake labarin mai sassaƙar

Na karanta rahotonku kan gyaran babban allon sassaƙa na cocin Maryamu da ke Krakow a ƙasar Polan, amma kun taƙaita kan wankewa da sabunta fenti, kun bar mai aikin a baya.

Veit Stoss ne, Bajamushe daga Nuremberg. Ya fara a 1477, bai gama ba sai 1489, shekara 12 cur yana fama da itace. Tsayin allon ya kai wajen mita 13, kuma mutanen Krakow ne suka haɗa kuɗin, ba sarki ba. Ni abin da ya fi kama ni shi ne tsakiyar: Maryamu tana sulalewa ƙasa a bakin mutuwa, almajiran Yesu sun kewaye ta, wasunsu sun fi mita 2 da rabi tsayi. Ku ƙura ido kan ƙafafunsu a hoto, jijiyoyi duk sun fito raɗa-raɗa, kamar na tsohon da ya sha tafiyar ƙasa. Itace ne fa!

Shi Stoss kansa bai wanye lafiya ba. Da ya koma Nuremberg, a 1503 aka kama shi da takardar bashi ta jabu, aka yi masa lalas a kumatu biyu.

Wani gyara kuma: kun ce allon bai taɓa barin Krakow ba. Ya bari. 'Yan Nazi sun kwashe shi zuwa Nuremberg lokacin yaƙin duniya na biyu, sai a 1946 aka dawo da shi, ya koma mazauninsa a cocin a 1957.