Ita ke biyan hayarta, amma wai ba ta cancanta ba

A makon nan aka wulaƙanta wata dattijuwa mai shekara 71 a wani shagon cike takardun haraji a Worcester, jihar Massachusetts ta Amurka. Mai shagon kuma namu ne, ɗan Zango. Ta zo da rasit ɗin haya na shekara guda a cikin leda, ta ɗaure su da roba.

"Ɗana, an ce gwamnatin jiha tana mayar wa tsofaffi wani abu daga kuɗin haya."

Bai ɗago kai daga wayarsa ba. "Wa ya faɗa miki?"

"A masallaci aka yi sanarwa."

"To ki koma masallacin su biya ki." Sai da ya gama dariyarsa sannan ya taɓa kwamfuta. "Hajiya, ba ki cancanta ba. Ɗanki ya sa ki cikin waɗanda yake ɗaukar nauyinsu."

"Ni nake biyan hayata, ɗana. Ga rasit."

"Kwamfuta ba ta karanta rasit. Na gaba!"

Sannu da aiki, gwani na gwanaye! Wa ya cike wa ɗan nata takardar? Kai ne. Ka tambaye shi wa ke biyan hayar uwarsa? Ina! Kuɗin aikinka kawai ka lissafa.

Ga abin da ya gagare shi faɗa mata. Sunan rangwamen Senior Circuit Breaker. Sharaɗi, mutum ya cika shekara 65 kafin shekarar harajin ta ƙare, kuma gidan da ya mallaka ko yake haya a jihar ya zama nan ne mazauninsa. Mai haya, ana ɗaukar kashi 25 cikin ɗari na hayar shekara, a cire kashi 10 na kuɗin shigarsa, abin da ya rage shi ake ba shi. Misali mai samun dala 20,000 a shekara, hayarsa 1,400 a wata: rubu'in hayar shekara 4,200 ne, a cire 2,000, saura 2,200. Mai gidan kansa kuwa harajin gida ake haɗawa da rabin kuɗin ruwa da na magudana, sannan a cire kashi 10 na kuɗin shigarsa. A shekarar haraji ta 2024 iyakar abin da ake bayarwa dala 2,730 ce, kuma kada kuɗin shigar mutum ɗaya ya wuce 72,000, na ma'aurata 109,000. Ko ba a bin ka haraji ko sisi, kuɗin za a ba ka a hannu, muddin ka shigar da takardar harajin jiha tare da Schedule CB, wato fom ɗin neman rangwamen.

Inda ake faɗawa rami: ɗa ya sa uwarsa a takardarsa don ya sami dala 500 daga tarayya da 440 daga jiha, ita kuma ta rasa fiye da dubu biyu, domin wanda aka sa cikin waɗanda ake ɗaukar nauyinsu ba ya samun rangwamen. Wannan wane irin lissafin dokin rano ne? Alhali in ba shi ke ɗaukar fiye da rabin ɗawainiyarta ba, tun farko bai da hurumin sa ta. Gyaran kuwa sananne ne: ɗan ya gyara takardarsa ta tarayya da fom 1040-X, ya gyara ta jiha, uwar ta shigar da tata. Ana iya neman na shekaru uku baya. Shirin sa-kai na AARP Tax-Aide da cibiyoyin dattawa na gari suna cikewa kyauta.

Amma ita gwamnatin fa? Ta san shekarun kowa, ta san adireshin kowa. Ranar da take bin ka bashi, wasiƙa ba ta ɓatan hanya. Ranar da kai kake bin ta, sai ka ji a bakin liman. A 2023 aka ninka rangwamen, aka yi ta tafi, amma tsohon da kuɗin fanshon tarayya na Social Security ne kaɗai abincinsa, wanda ya daina cike takardar haraji tuntuni, wa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa? Kuɗin nan da ba a cire masa haraji a jihar, wajen lissafin rangwame sai a ƙirga shi tsaf. Mai Section 8, wato tallafin haya na gwamnati, an cire shi. Miji da mata da suka shigar da takardu daban-daban an cire su. Wanda hayarsa ke da sunan ɗansa, ba shi da rasit da sunansa, da me zai kafa hujja?

Mu ma da namu. Muna kai iyayenmu wurin duk wanda ya kafa tebur a watan Fabrairu don kawai yana jin Hausa, ba mai tambayar ko ya taɓa buɗe Schedule CB da idonsa.