Kafin a sake tara kuɗin ɗakin kwamfuta

Iyayena shugabannin makarantunmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12, don Allah ku ba ni aron kunnuwanku.

Watan jiya na leƙa wata makaranta a unguwarmu. Kwamfuta goma sha biyar tokumbo, wato na hannu daga waje, da gudummawar iyaye aka sayo su a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Huɗu ne kaɗai ke tashi. Sauran an lulluɓe su da zani, ƙura da danshin damina sun gama da su. Raina ya sosu, don na san mai tumatur da ya taɓa uwar kuɗinsa ya bayar.

Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Yaronmu na iya haddace littafi, ranar jarrabawa hannunsa ya yi ta rawa a kan linzami saboda bai saba ba. Ɗakin kwamfuta dole ne. Yadda muke haɗa shi ne nake ja da shi.

A sayi kwamfuta guda mai ƙarfi, ita ce uwa. Kowane tebur a ajiye fuskar kwamfuta da allon madannai da linzami, sai ɗan akwati kamar tafin hannu, wanda masu sana'ar ke kira tin-kilayan. A ja waya daga kowane akwati zuwa na'urar rarrabawa, daga nan zuwa uwa. Duk aikin a cikin uwar ake yin sa, amma kowane yaro da shafinsa da lambar sirrinsa. Malam ya sa manhajar gwajin jarrabawa sau ɗaya, ta bayyana a gaban aji duka. Akwatin ba fanka, ba faifan ajiya, to me zai lalace? Ɓarawo ma ya ɗauka, ba uwa ba amfani.

Ga maganar wuta, wadda ita ce ke kashe mu tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023. Ɗan akwati irin na kamfanin NComputing bai kai wat 10 ba, tsohuwar kwamfutar tebur kuwa ta haura 60, ba a ma lissafa fuska ba. Ajin da da sai babban janareto, yanzu sola da inbata na iya riƙe shi. Tsofaffin nan da ke kwance ma kar a zubar. Akwai wata manhaja mai suna LTSP ta tsarin kwamfuta na Linux, kyauta ce, da ita mai sauran numfashi a cikinsu tana iya zama ɗiya ta riƙa tashi daga uwa.

Ba zan ɓoye muku aibin wannan tsari ba. Uwa ta kwanta, aji ya kwanta. Yara talatin suka buɗe bidiyo lokaci guda, za ta yi nauyi. Saboda haka kar a yi mata rowar ƙwaƙwalwa, a ba ta batirinta na kanta, a riƙa kwafe abin da ke cikinta duk mako. A ja waya mai kyau, kar guda ta wuce mita 100, kar kuma a jingina da wayarles.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum. Muna saye, a yi walima, a yi addu'a, mai haɗawa ya karɓi kuɗinsa ya tafi, shi ke nan. Alhali ga yaranmu nan birjik a Ikeja suna gyaran waya da laftof. A ɗauko ɗaya, a biya masa ya koyi wannan aikin, a yanka masa alawus duk wata. Ranar da kwamitin iyaye zai zauna kan kasafi, alawus ɗin nan nake so a fara rubutawa, kafin kuɗin fenti da labule.