Mai girma kansila ya fice daga zaure

A makon jiya wani dattijo a mazaɓarmu, tsohon malamin firamare, ya ɗauki hoton kwalbatin da ta rufta tun tsakiyar damina ya saka a zauren WhatsApp na 'yan unguwa. Ya yi sallama, ya gaishe da kansila da sunan girmamawa, sannan ya tambaya cikin ladabi ina aka kwana kan maganar gyara. Bai zagi kowa ba. Kafin la'asar sai muka ga kansila ya fice daga zauren. Da magariba ɗaya daga cikin yaransa ya turo saƙon murya na minti huɗu, abin da na tsinta a ciki shi ne wai oga ya wuce zama wurin da kowane yaro zai riƙa yi masa tambaya kamar sa'ansa.

Ficewar ba ta ba ni mamaki ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutane da dama a zauren, ciki har da waɗanda babura da yaransu ke faɗawa ramin nan kullum, suka goyi bayansa. Wani ya ce ai shugaba da kwarjini aka san shi. Wani ya ce intanet wurin yara ne, babba ba ya shiga. Na duba shafukan Facebook na wasu ciyamomi da kansiloli na jihohin da ke kewaye da mu, sai na tarar ciwon ɗaya ne. Hoton ta'aziyya, hoton ɗaurin aure, hoton tarbar gwamna a filin jirgi, sai gaisuwar Juma'a da hoton mai girma ya sha babbar riga. Ka yi tambaya a ƙasan hoton kan bola ko famfo, ko dai a share ka, ko a goge, ko a turo maka 'yan data, yaran da ake saya wa data don su kare oga, su tambaye ka me ubanka ya taɓa yi wa gari.

Wannan maganar ta girma ita nake so mu zauna a kanta, domin ƙarya ce aka naɗa mata rawani. A wace al'adar ce shugaba ya fi ƙarfin sauraron talaka? Sarki da kansa yana zama a fada a kawo masa kuka. Hakimi yana da zaure, dagaci yana da ƙofar gida, mai unguwa kuwa ko tsakar dare aka buga masa ƙofa sai ya fito. Gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja bai yi suna da tsayin katanga ba, da cikar talakawa ya yi suna. Malamanmu kuma ba sa gajiya da kawo mana labarin Sayyidina Umar da aka tsayar yana kan mumbari aka tambaye shi inda ya samo ƙarin yadin da ya ɗinka rigarsa, ya kuma tsaya aka ba da bayani a gaban jama'a. To kansilan da bai fi shekara biyu da barin teburin mai shayi ba, shi ne ya fi waɗannan duka kwarjini?

Kuma mu tuna, lokacin kamfe babu wanda ya gayyace su zaurukan nan. Su suka roƙi a saka su. Su ne masu turo fasta da asuba, su ne masu amsa gaisuwar kowa da "na gode yayana", "Allah ya bar zumunci Hajiya". A lokacin intanet ba wurin yara ba ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin shirun nan a fili yake ga duk mai bin labarai. A zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoban 2024, jam'iyyar NNPP ta kwashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 a Kano, ba ta bar ko ɗaya ba. A watan dai, APC ta kwashe ciyamomi 23 da kansiloli 255 a Kaduna. Jam'iyyu biyu masu adawa da juna, sakamako iri ɗaya, domin a kowace jiha hukumar zaɓen ta gwamna ce. Mutumin da ya san daga gidan gwamnati ko gidan jagora aka rubuta sunansa, can zai fuskanta ya yi alƙibla. Wayarsa a buɗe take dare da rana ga wanda ya ba shi kujera. Mu da muka yi layi a rana, ya san ba layinmu ne ya kai shi ba, don haka tambayarmu a kunnensa tsiwa ce.

Dalili na biyu kuɗi ne, kuma a nan ne nake ɗan tausaya musu, amma kaɗan. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ya haifi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, rijiyar da kuɗin talakawa suka daɗe suna faɗawa ba a jin ƙararsu. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. An yi murna, an yi ta sharhi a rediyo. Daga nan aka shiga jan ƙafa, gwamnoni suka yi ta nemo ƙofar baya. Saboda haka kansila da yawa, in ka matsa shi a ɓoye, zai rantse maka cewa ban da albashinsa bai taɓa ganin sisin aiki ba, ciyaman ɗinsa ma sai an kira shi an ce ya sa hannu.

To ya faɗa mana haka mana. Wannan ma ai amsa ce, kuma ita ce amsar da ta fi kowace amfani. Kashi 20.6 cikin ɗari na kason asusun tarayya na ƙananan hukumomi ne, kuma duk wata ana wallafa abin da aka rubuta wa kowace ƙaramar hukuma da sunanta. Duk yaron da ke da waya da datar naira ɗari biyu zai iya nemo adadin. Yana gani an rubuta ɗaruruwan miliyoyi da sunan garinsu, yana kuma ganin ɗakin shan magani babu ko farasitamol. Idan kansila ya yi shiru, hukuncin da yaron zai yanke guda ɗaya ne: da shi aka ci. Shirun da suke zaton yana kare musu mutunci shi ke manna musu sunan ɓarayi, ya bar mai riƙe da kuɗin na ainihi yana sharar barci. Ka ƙaddara kansiloli 484 na Kano, ko 255 na Kaduna, kowa ya rubuta da sunansa a zauren mazaɓarsa cewa a wannan watan ga abin da aka ce an turo, ga abin da ya iso sakatariya. Wallahi da hukuncin Kotun Ƙoli ya samu haƙoran da lauyoyin Abuja suka kasa dasa masa. Ba za su yi ba, na sani, saboda dalili na farko. Amma kada a zo ana ce mana kwarjini ne.

Maimakon su yi magana da bakinsu sai suka ɗauki hayar baki. Mun saba da sojojin baka a gidajen rediyon Kano, masu shiga fili da dare su wanke wanda ya biya su shafa wa abokin hamayyarsa kashin kaji. Yanzu an samu na waya. A 2021 an yi ta dariya da wani kansila a ƙaramar hukumar Kumbotso da ya naɗa wa kansa mataimaka 18. Dariyar ta wuce, ɗabi'ar ta zauna. Yau kusan kowane ciyaman yana da mai taimaka masa kan kafafen sada zumunta, aikinsa ɗaukar hoto da kirari. Shi wannan yaro bai san kasafin kuɗi ba, bai halarci zaman majalisar kansiloli ba, ba shi da ikon cewa za a yi ko ba za a yi ba. An ajiye shi ne tsakanin mai tambaya da mai amsa kamar labule. Kuma abin takaici, yawancinsu masu digiri ne da rashin aiki ya jefa cikin wannan sana'a, ana sallamarsu da kuɗin data da na cefanen kwana biyu.

Za a ce ai akwai zagi. Akwai, ban musa ba, wasu yaran ba su da linzami a baki. Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma in ana maganar wanda ya kamata ya ji tsoro a intanet, ba mai mulki ba ne. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an yi ta amfani da shi wajen jan masu suka zuwa ofishin 'yan sanda, har sai da aka yi masa gyara a 2024. Ba mu manta da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a 2022 aka kai Abuja saboda rubutu ɗaya a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa na lokacin ba. Mai kujera yana da ɗan sanda, yana da lauya, yana da 'yan data. Tsohon malamin firamaren nan namu wayarsa kawai gare shi, gilashinta ma a fashe.

Masu cewa mutanen ƙauye ba su da intanet kuwa, su fara gaya mana ta wace hanya saƙonnin muryar kamfe suka isa rugage.

Akwai ma abin da masu raina zaurukan nan ba sa lura da shi. Taron da ake kira a sakatariya ko a ƙofar gidan dagaci, su wa ke zuwa? Maza, manya, 'yan jam'iyya, da waɗanda aka gaya wa za a raba wani abu. Matar aure da ke cikin gida, wadda ita ce ke aika yara neman ruwa tun asuba, ita ce ke kwana da mai zazzaɓi, ba ta da kujera a can. A waya kuwa tana danna maɓalli ta faɗi abin da ke damunta da muryarta, ko ba ta iya rubutun boko ba. Haka ɗan unguwar da ke ci-rani a Legas ko Fatakwal, wanda in taransifoma ta ƙone shi ake fara kira ya turo gudummawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yau rabin masu ɗakin a waya kaɗai za ka same su wuri guda. Ayyukan da kundin tsarin mulki ya lissafa wa ƙaramar hukuma ai ba na sama jannati ba ne: kasuwa, tasha, mayanka, maƙabarta, kwashe shara, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, sa hannu a harkar firamare da lafiya matakin farko. Duk abubuwa ne da hoto ɗaya ke bayyana halin da suke ciki. Kansila mai hankali zai ga ya samu masu duba masa aiki kyauta a kowane lungu.

Mu ma da namu laifin, kada in yi son kai. Mun mai da kansila asusun suna da biki. Wayarsa ba ta hutawa da "matata ta haihu", "an rubuta mana magani", "yaro zai koma makaranta". Wanda ya sha irin wannan kira ɗari a yini ba abin mamaki ba ne ya tsani ƙarar waya. Amma wannan ma hujja ce a kansu. Roƙo a ɓoye ake yin sa, ta saƙon sirri ko a zauren gida da sassafe. A gaban mutum ɗari uku da suka san shi, da surukansa a ciki, mutum yana jin nauyin roƙon kuɗin cefane, sai ya yi maganar kwalbati. Kansilan da ya gudu daga zauren jama'a ya guje wa masu tambaya ne, maroƙa kuwa sun san hanyar gidansa.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Kansila ya zauna a zauren mazaɓarsa da lambarsa da sunansa, ko da sau ɗaya ne a wata ya ware awa guda ya amsa abin da aka tara masa. Ciyaman ya riƙa saka abin da ya shigo da abin da aka kashe a shafin da yake saka hotunan ta'aziyya. Ƙungiyoyin ci gaban unguwa su riƙe zaurukan, su kori mai ashar ko na wace jam'iyya ne. Wanda aka ƙi amsa masa, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba ofishin gwamnati kwana bakwai ya ba da amsa a rubuce, ko da yake ban ga sakatariyar da ke rawar jiki da ita ba. In an dawo neman ƙuri'a kuma, a fito wa kowa da hoton ranar da ya fice.

Kwalbatin dai mun yi karo-karo, gida-gida, an sayi siminti da rodi, magina biyu 'yan unguwa sun ce ba za su karɓi kuɗin aiki ba. Shekaranjiya yaron kansila ya kira mai unguwa yana tambayar ranar da za a gama, wai mai girma yana so ya zo a ɗauki hoto.